Abin da Lawan Ya Gani a Cikin Akwati

Na san abin da ake faɗa a danginmu game da shekarar da Lawan bai zauna jarrabawar Fiziks ba. Na ji shi daga bakin mata a gidan suna, na kuma ji shi daga bakinku, ku 'ya'yana, ko da yake kukan sassauta murya idan kun hango ni. Ana cewa na hana ɗan wana cin jarrabawa saboda taurin kai. Wasu ma sun ce don kada ya wuce 'ya'yan cikina ne. Ban taɓa tanka wa kowa ba, domin ba ɗabi'ata ba ce in amsa babbar magana a tsaye a bakin ƙofa. Yanzu da na zauna, zan shimfiɗa ta kamar yadda nake shimfiɗa lissafi a allo, kowane mataki a layinsa. Wanda ya ga kuskure, ya nuna mini layin da yake.

Lawan ɗan fari ne ga Yaya Ɗanladi, wanda kuke kira Baffan Doguwa. Da aka yaye shi aka kawo mini shi, kamar yadda aka saba a gidanmu, tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinku ba. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba. Idan ya zo Bebeji sai ya ce, “Ina yaron nan na wajenka?” yana duban wani gefe, kamar mai tambayar akuyar maƙwabci. Amma duk kaka buhun masara mafi kyau a rumbunsa gidana yake zuwa, kuma kowa ya san don wa ake aiko shi. Ni aka kai makarantar mishan ba Yaya ba, kuma dalilin ba wata hazaƙa ba ce. Ƙafata ta hagu ta karye ina ƙarami, ɗorin bai kama daidai ba, sai mahaifinmu ya ce wanda ba zai iya bin garma ba, ya je ya bi alli. Sharaɗinsa ɗaya ne, in riƙe sallata, na kuwa riƙe. A can na faɗa hannun Malam Bitrus, wani siririn mutum daga kan duwatsun Filato, wanda idan ka rubuta amsa babu ma'auninta yakan soke shafin gaba ɗaya, ya tambaye ka ko awaki kake ƙirgawa. A wurinsa na koyi cewa aiki iri biyu ne kawai, wanda aka gama da wanda ba a gama ba. Tun daga lokacin Yaya ya laƙaba mini suna Ɗan Mishan, kuma har ya bar duniya bai sauke mini shi ba.

Dole in yi muku bayanin abin da nake koyarwa, in ba haka ba ba za ku fahimci abin da ya faru ba. Wutar lantarki ba ta ratsa abu haka siddan. Kowane abu yana yi mata turjiya gwargwadonsa, kuma ana auna wannan turjiya da ma'aunin da ake kira om. Akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa da ake ƙerawa musamman don su yi wa wuta turjiya, sunansu rizista, kowacce da lambarta a buge a jikinta. Idan aka haɗa da yawa da waya, aikin ɗalibi shi ne ya gano rizista guda ɗaya tak da za ta iya maye gurbinsu duka, batir bai ji bambanci ba. Yawancin ɗalibaina a makarantar da nake aiki a ƙasar Bebeji 'ya'yan manoman rani ne da masunta daga wajen Tiga, don haka da ruwa nake fara musu. Idan ruwa zai bi ta ƙuntataccen kwalbati, ya fita ya sake shiga wani, wahalarsa ta ƙaru, sai a tara su. Wannan shi ne haɗin jere. Idan kuwa magudana ta rabu biyu ta sake haɗuwa a gaba, an ba ruwa ƙarin hanya ke nan, wahalarsa ta ragu. Wannan nake kira kafaɗa da kafaɗa. Idan guda biyu ne, ka ninka su da juna, ka raba da jimlarsu, kuma duk amsar da ta fi ƙaramar cikinsu girma, ƙarya ce, ka goge ka sake. Dokata ta uku ita ce a fara daga ciki, a haɗe biyu su zama ɗaya, a sake zana hoton gaba ɗaya da rula kafin a taɓa ta gaba. Yara sun tsani wannan sake zanen. Amma a shekarun da na yi ina koyarwa, ban ga wanda ya bi shi ya ɓata ba.

Lawan kuwa a gida yake, don haka nasa rabon ya ninka na kowa. A kan tuwo nake tambayarsa.

“Shida da uku, kafaɗa da kafaɗa?”

“Biyu, Baba.”

“Biyu me?”

“Om biyu.”

Mahaifiyarku takan leƙo daga madafa ta ce, “Malam, ka bar yaro ya haɗiye lomarsa, kada om ɗin ya shaƙe shi.”

Kafin ya kai ajin ƙarshe, Lawan ya daina lissafa irin waɗannan haɗe-haɗe. Kallonsu kawai yake yi, yadda makiyayi ke duban garke ya san wadda ba ta dawo ba. Burinsa ya karanci aikin injiniyan lantarki, kuma babu wanda ya san shi da ya yi shakka. Ku riƙe wannan, domin shi ne tushen abin da ya biyo baya.

A jarrabawar ƙarshe ta Fiziks akwai takardar aiki da hannu. Kafin ranarta hukumar jarrabawa takan sanar da malamin darasi a asirce abin da zai tanada. A shekarar nan umarnin shi ne in haɗa rizista huɗu a wani tsari, in rufe su a cikin ƙaramin akwati, in bar bakin waya biyu kawai a waje. Kowane ɗalibi zai sami akwati irin wannan, da batir, da ma'aunan wuta masu allura, ya yi ta aunawa, ya zana layi a takardar giraf mai ƙananan gidaje, daga nan ya fitar da turjiyar abin da bai gani ba. Bayan an gama, malami zai sa hannu cewa babu ɗalibin da ya san abin da ke ciki. Sai dai akwai wata al'ada da ta fara yaɗuwa a lokacin, wadda ake kira taimakon yara. Malami ba ya faɗin amsa, Allah ya kiyaye. Yana dai shiga aji ana gobe jarrabawa ya ba da misali, kuma misalin yakan zo da lambobin da ke cikin akwatin. Shugaban makarantarmu, mutum mai fara'a wanda ba na riƙe da shi a zuciya, ya kira ni ofishinsa.

“Malam Audu, ban ce ka faɗa musu komai ba. Ka dai ba su misali mai kama da shi.”

“Kama ta nesa ko ta kusa, ranka ya daɗe?”

“Ta jini,” ya ce, yana dariya.

Na ce masa na riga na ba su misalai iya gwargwado tun farkon shekara, wanda ya sake zane da rula ba ya bukatar ƙari. Da na fito na lura cewa makullin ɗakin gwaji yana hannun mutum fiye da ɗaya. Saboda haka na kwashe kayan a kwali na kai gida, don in haɗa akwatunan a ɗakina inda babu mai shiga. Har yau ina ganin wannan shi ne abin da ya dace.

Ranar Asabar ce, bayan la'asar. Babu wuta a gari, don haka na hura gawayi a kurfoti don in gasa ƙarfen liƙa dalma. Na hana kowa kusantar ɗakin, kuma kowa ya ji. Da hayaƙi ya yi yawa na ɗan buɗe ƙofa na saki labule. Inna, kakarku, tana zaune a tsakar gida tana gyaran zogale, idonta ya riga ya yi rauni. Ta ga hayaƙi yana fita daga ɗakin da ta san cike yake da littattafai, ta kira ni ban amsa ba, domin wayar dalma tana bakina, hannuna biyu kuma suna riƙe da aiki. Sai ta ce wa Lawan ya ruga, ɗakin Babansa ya kama. Ya yi sallama yana ɗaga labule a lokaci guda. Akwati ɗaya yana buɗe a kan tebur, fuskarsa tana duban ƙofa. Tsayuwar Lawan ba ta fi ta mai shan ruwa kurɓi ɗaya ba, ya juya da sauri ya fita. Na ajiye ƙarfen, na rufe akwatin, na kira shi. Ya dawo ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

“Me ka gani?”

“Ban yi niyyar gani ba, Baba.”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.”

Ya ce, “Shida da uku kafaɗa da kafaɗa. Sai huɗu a jere da su. Sai sha biyu ta haye kansu duka.”

“Ka haɗa?”

“Ban haɗa ba, Baba. Da kansa ya haɗu. Om huɗu.”

Daidai ne. Shida da uku su ba da biyu, a ƙara huɗu ya zama shida, shida da sha biyu kafaɗa da kafaɗa su ba da huɗu. Da wani yaro ne daga ajin ya leƙa, da wayoyi kawai zai gani a cukurkuɗe, ya fita yadda ya shigo. Ni na horar da idon da ya karance su a kallo ɗaya. Ban taɓa alfahari da ɗalibi kamar yadda na yi da shi a wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin nauyi a ƙirjina irin na lokacin ba.

Da na faɗa wa mutanen gida cewa sai na sanar da hukuma, Inna ce ta fara magana.

“Ni na aike shi. In laifi ne, ka ɗauke ni a babur ɗinka ka kai ni gaban hukumar, in gaya musu hayaƙi na gani.”

“Inna, babu mai laifi.”

“To, in babu mai laifi, wa za a hukunta?”

Mahaifiyarku ta bi ta wata hanya, kuma hujjarta ta fi ƙarfi, domin mace ce mai tunani. Ta ce, “Malam, kai da bakinka ka ce babu kamarsa a ajin. Ko bai gani ba zai samo huɗun nan. Me ganin ya ƙara masa?”

Na ba ta amsar da zan ba ku yanzu. Allurar ma'auni ba ta cika tsayawa a kan layi ba, tsakanin layi biyu take tsayawa, mai aunawa ne yake yanke hukuncin inda ta fi karkata. Ɗige-ɗigen da ɗalibi zai sa a takardar giraf ba sa taɓa jeruwa sak, shi ne zai aza rula ya zaɓi layin da ya fi dacewa da su. Wanda bai san amsa ba yana bin allura. Wanda ya san amsa, allura ce take binsa, ko da shi waliyyi ne, domin hannunsa zai karkata bai sani ba. Jarrabawar ba ta tambayi ko Lawan ya iya haɗa shida da uku ba. Ta tambayi ko zai iya gano abin da bai gani ba, shi kuwa ya gani. Bayan haka, a ajin akwai ɗan wani masunci, akwai ɗan Fulani da yake tahowa a keke daga ruga, kuma babu ɗayansu da ubansa yake da akwati a ɗaki. Na hana su misali mai kama ta jini. Da wane hannu zan sa hannu cewa babu wanda ya gani, alhali ɗan gidana ya gani?

Ta ce, “Da hannun da ka karɓe shi ranar da aka yaye shi.”



Kada ku ɗauka na miƙa shi ne na naɗe hannu. Lambobin na hukuma ne, ba ni da ikon sauya su. Don haka na shiga mota na tafi Kano, na nemi jami'in da ke kula da shiyyarmu, na roƙe shi a ba Lawan wani akwati dabam, ko a kai shi wata cibiya da ake ba da wata tambayar. Ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya goge.

“Malam, da ba ka faɗa ba, wa zai sani?”

“Ni da shi.”

“To, yanzu mun zama uku, kuma ka ɗaure mini hannu. Lokaci ya ƙure, babu wani akwati. Ba zan rubuta shi a masu satar amsa ba, tunda bai sata ba. Amma ba zai shiga wannan takarda ba.”

Haka aka yi. Lawan ya rubuta sauran darussansa duka, ya kuma ci su da kyau. Ranar aiki da hannu ya zauna a gida. Wanda bai yi wannan takarda ba, ba shi da sakamakon Fiziks, wanda kuwa ba shi da Fiziks, babu ƙofar injiniya da za ta buɗe masa. Sai wata shekara.

Labari ya isa Doguwa kafin in aika. Yaya Ɗanladi ya iso Bebeji da ƙurar hanya a rigarsa, ya ƙi ruwa, ya ƙi tabarma. A zaure muka tsaya, Lawan yana rakuɓe a gefe.

“Ɗan Mishan, ya yi sata?”

“Bai yi ba, Yaya.”

“Ya yi ƙarya?”

“Bai yi ba.”

“Kai ka kawo kayan gida, tsohuwa ta aike shi, shi kuma ya biya. Wannan shi ne lissafin da aka koya maka?”

Na fara yi masa bayanin allura da rula, ya ɗaga mini hannu.

“Ni ban san allura ba. Na san na ba ka amana, ka ɗauke ta ka yi wa sunanka ado da ita. Ba ni ɗana.”

Tunda aka haifi Lawan ba a taɓa jin wannan kalma a bakin Yaya ba. Inna da ke bayan ƙofa ta fashe da kuka, ba don tafiyar ba, don jin kalmar. Na ce wa Lawan ya haɗa kayansa. Na raka su har Kwanar Dangora inda za su sami motar kudu. Yaya ya shige gaba ya zauna. Lawan ya tsaya da jakarsa, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

“Baba, da na ce ban ga komai ba fa?”

“Da na yarda da kai.”

“Ashe gaskiyata ce ta ci ni.”

“Ta ci maka shekara guda. Ba zan ce maka da arha ka saye ta ba.”

Ya shiga mota. Na san ya tafi da fushi, kuma yana da hakkin yin fushin.

Ba jimawa na ji cewa Yaya ya yanka masa gona, ya kuma haɗa shi da masu kai rake kasuwa. Ya ce boko ya ishe shi haka. Wannan ne ban yarda da shi ba. Shekara guda na ce, ban ce rayuwa ba. Saboda haka duk Asabar nakan ɗaure kwalin batura da ma'aunai a bayan babur, in bi ta Kwanar Dangora, in wuce Tudun Wada, in ratsa dajin Falgore, in isa ƙauyenmu da hantsi, ƙafar nan tawa tana zugi. Zuwan farko na yi sallama a ƙofar gidan da aka haife ni. Yaya ya fito ya amsa, ya tambayi Inna, ya tambayi iyali, bai rage komai daga gaisuwa ba. Amma bai ce in shigo ba. Ni kuwa ba na shiga inda ba a ce in shiga ba. Na koma gindin ɗorawar da ke fuskantar gidan, na baje kayana a kan kwali, na zauna. Sai da rana ta take Lawan ya dawo daga gona, ya gaishe ni a taƙaice, zai wuce. Na zana masa haɗin rizista biyar a ƙasa da tsinke, irin wanda ta tsakiya take gicciye kamar gada. Ya tsaya yana kallo, fartanya a kafaɗa.

“Wannan ba jere ba ne, ba kuma kafaɗa da kafaɗa ba.”

“Haka ne.”

“To, ta ina ake fara shi?”

“Ajiye fartanyar.”

Ya ajiye. Na nuna masa cewa idan ɓangarorin biyu sun yi daidai da juna, wuta ba ta da dalilin bin ta tsakiya, sai a ɗauke ta kamar babu ita, abin da ya rage kuwa ya san shi tun yana yaro. Daga ranar ya riƙa dawowa daga gona da wuri duk Asabar. Mutanen gari suka saba da ganinmu, har masu wucewa suka riƙa cewa an buɗe jami'a a gindin ɗorawa. Matar Yaya takan aiko da fura a ɓoye. Yaya kuwa yakan zauna a bakin zaure yana gyaran igiya, kamar ba ya ganinmu. Lokacin sake rajistar jarrabawa yana matsowa, kuma yaro yana hannun ubansa, ba zan rubuta sunansa ba sai da yardarsa. Ban roƙe shi ba. Zuwana shi ne roƙona, ya kuma san haka.

Wata Asabar a ƙarshen damina hadari ya taso daga kan duwatsu, irin na Doguwa da ba ya ba da sanarwa. Na ce wa Lawan ya shiga gida. Na tuɓe babbar rigata na lulluɓe ma'aunan, na zauna a kan tushen ɗorawa ruwa yana dukana. Zauren yana gabana, ƙofarsa a buɗe. Can sai ga Yaya ya fito da buhu a ka.

“Ɗan Mishan, kai wane irin mutum ne? Ga zaure.”

“Ba a ce in shigo ba, Yaya.”

“To, shigo. Ba don kai ba, don kayan gwamnati.”

Muka zauna a zaure, ruwa yana zuba a kan kwano har sai mun ɗaga murya. Ya miƙo mini tsohon bargonsa, sannan ya tambaye ni.

“Wannan karon wa zai haɗa akwatin?”

“Ba ni ba. Na riga na nemi a ba wani malami daga Kiru aikin makarantarmu, ko kusa ba zan je ba.”

“Ba a makarantarku zai zauna ba. A Tudun Wada zai yi, daga gidan nan zai riƙa tafiya. Bebeji kuwa ya gama zamanta.”

“Na yarda.”

“Kuma kada ka ɗauka na ce ka yi daidai. Har gobe ban ce ba.”

“Na sani, Yaya.”

Lawan ya zauna jarrabawar a Tudun Wada, ya ci, ya tafi karatun da yake so, sauran kuma kun san shi, tunda shi ya ja wa gidan nan wayar wuta. Amma bai sake kwana a gidana a matsayin ɗan gida ba. Ɗakinsa ya zama na baƙi, kuma idan ya zo a nan yake sauka, kamar kowane baƙo. Mahaifiyarku ta daɗe ba ta yafe mini wannan ba. Inna ta rasu tana cewa ita ta jawo, duk da na sha gaya mata ba haka ba ne. Wannan shi ne abin da na biya. Na san zan biya wani abu tun kafin in shiga motar Kano, kuma da za a mayar da ni bakin tashar, da motar zan sake shiga.

Ni da Yaya ba mu sake tayar da maganar ba. Ya ci gaba da riƙe ra'ayinsa, na ci gaba da riƙe nawa, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya tara 'ya'yansa da limamin gari, ya ce idan ta Allah ta kasance kada kowa ya yi masa wanka sai ni. Limamin ya tuna masa cewa akwai malamai a garin da suka saba da wannan aiki.

“Na san da su,” in ji Yaya. “Ku dai kira Ɗan Mishan. Shi kaɗai na tabbata ba zai tsallake gaɓa ko ɗaya ba, ko da babu mai kallonsa.”

Da ya rasu aka aiko mini, na je, na yi masa. Lawan ne ya riƙa zuba mini ruwa.